Yadda Za Ka Nemi Takardun Gwamnati a Kan Kariyar Ayyukan Nukiliya Daga Nan Katsina

Duk lokacin da aka kwana biyu ba a kawo wuta ba a Katsina, hirar majalisa takan koma kan batun lantarki, kuma ba a rasa wanda zai kawo zancen tashar nukiliya, ya ce ga Masar tana gina tata a El Dabaa, ga Afirka ta Kudu tana cin moriyar ta Koeberg tun 1984, mu me muke jira. A wata irin wannan hira, bayan sallar isha'i a wajen Ƙofar Ƙaura, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin asibiti, wanda ya shafe shekaru a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, ya dubi mai maganar ya ce, “Malam, idan an gina ta, wa zai riƙa gaya mana gaskiyar abin da ke faruwa a cikinta?” Tambayar ta zauna mini a rai, domin amsarta tana cikin fayil-fayil da rahotannin da ma'aikatan gwamnati suke rubutawa suna ajiyewa, kuma doka ta bai wa kowa ikon ya nemi a nuna masa mafi yawansu. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya san takardar da zai nema, da ofishin da take, da yadda zai tsara buƙatarsa ta yadda ba za a sami hanyar kauce mata ba.

Ya kamata a fara da sanin abin da yake ƙasa. Najeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya ko guda ɗaya. Abin da take da shi shi ne ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, wato na'urar da ake sarrafa makamashin nukiliya a cikinta, ƙirar ƙasar Sin, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kuma kimanin kilowat 30 ne kacal. A 2018 aka cire mata yuraniyam ɗin da aka tace sama da kashi 90 cikin ɗari aka mayar da shi Sin, aka sa mata wanda aka tace kashi 13, wanda ba ya yin makami. A ɓangaren manyan tashoshi kuwa, gwamnati ta ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da ta zaɓa, kuma a 2017 ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha. Ke nan tun ba a aza harsashi ba akwai takardu da yawa da aka riga aka rubuta, na zaɓen wuri, na binciken ƙasa da ruwa, na yarjejeniyoyi, kuma a ra'ayina yanzu ne lokacin da tambaya ta fi amfani, tun icen yana ɗanye.

Mutumin Katsina ko Daura yana da dalili na kusa fiye da Geregu. Zariya maƙwabciyar Funtua ce, marasa lafiyarmu suna zuwa Shika da Sakkwato domin a gasa musu ciwon daji da na'urorin da ke fitar da tururin nukiliya, wato hasken nan mai ratsa jiki da ido ba ya gani, kusan kowane babban asibiti yana da na'urar hoton ƙashi, sannan ga 'yan gwangwan da ke sayen tsofaffin ƙarafa ba tare da sanin asalinsu ba. A 1987 a birnin Goyaniya na ƙasar Burazil wasu masu tsintar ƙarafa suka ɗauko kan wata na'urar gashin ciwon daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa shi, suka ga wani gari mai ƙyalli shuɗi da ya ba su sha'awa har aka raba wa dangi. Mutum huɗu suka mutu, aka sami 249 da gubar ta taɓa, aka auna mutane sama da dubu 100. Hukumar da ke da alhakin sanin inda kowace irin wannan na'ura take a ƙasar nan ita ce dai za ta sa ido a kan babbar tasha idan an gina ta, saboda haka yadda take riƙe takardun ƙananan abubuwa a yau shi zai nuna mana yadda za ta riƙe na manya.

Wace hukuma ce take riƙe da me

Hukumomi biyu ake yawan rikitawa. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NAEC, an kafa ta da dokar 1976, ta fara aiki sosai a 2006, kuma aikinta shi ne tsara yadda ƙasar za ta mallaki tashoshi. A wurinta za ka nemi takardun zaɓen wuri, da jadawalin shirin, da yarjejeniyoyin da aka ƙulla. Hukumar Sa Ido kan Ayyukan Nukiliya ta Najeriya kuwa, wato NNRA, dokar 1995 ce ta kafa ta, ta fara aiki a 2001, kuma ita ce mai ba da lasisi, mai aika sufetoci, mai rufe wurin da ya saɓa ƙa'ida. Lasisi, da rahoton duba, da rahoton haɗari, da sakamakon awon tururi, duk a wurinta suke. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ita ke riƙe da rahoton tantance illar aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta kafin kowane babban aiki, kuma akan baje shi na kwana 21 na aiki domin jama'a su karanta su yi ƙorafi. Jami'ar da tukunyar Zariya take cikinta ita ma hukumar gwamnati ce a idon doka.

Kafin ka rubuta wa kowa, ka duba abin da aka riga aka wallafa, domin neman abin da yake a fili ɓata lokaci ne. Najeriya mamba ce a Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, mai hedikwata a Biyana, tun 1964, kuma tana cikin Yarjejeniyar Kariyar Nukiliya ta 1994, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa rubuta rahoto a kan halin da take ciki domin sauran ƙasashe su yi mata tambayoyi. Masanan hukumar sun zo Najeriya a 2015 domin duba shirinta na gina tasha, sun kuma dawo a 2017 domin duba aikin hukumar sa ido. Irin waɗannan rahotanni akan sa su a intanet idan ƙasar ta amince. Amfaninsu gare ka shi ne za su ba ka sunayen takardu da ranakunsu, wanda shi ne jarin mai nema.

Dokar da za ka dogara da ita

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ce, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Ba ta da tsawo, kuma ina ba da shawara ka sauke ta a wayarka ka karanta sashe na 1 zuwa na 8 da kanka. Sashe na 1 ya ce kowane mutum yana da haƙƙin neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba sai ya bayyana abin da ya haɗa shi da bayanin ba. Wannan wuri yana da muhimmanci, domin tambayar farko da za a yi maka a bakin ofis ita ce, “Me za ka yi da shi?” Ka amsa cikin ladabi cewa doka ba ta ɗora maka faɗa ba, ko ka faɗa idan ka ga dama, amma kada ka yarda amsarka ta zama sharaɗin karɓar wasiƙarka. Sashe na 3 ya yi tanadi ga wanda bai iya rubutu ba ko mai nakasa cewa wani zai iya nema a madadinsa, kuma idan mutum ya zo ya faɗi buƙatarsa da baki, wajibi ne jami'in ya rubuta ta ya ba shi kwafi. Saboda haka shugaban ƙungiyar 'yan gwangwan da karatunsa na allo ne yana da haƙƙi daidai da na farfesa.

Tsara wasiƙar

A nan ne mafi yawan masu nema suke faɗuwa, kuma ni ma na faɗi. Wasiƙata ta farko, wadda na rubuta wa wata ma'aikata a kan gwajin ruwan rijiyoyin burtsatse, na cika ta da tambayoyi irin su ko ruwan yana da lafiya, da me ake yi domin kare jama'a. Na miƙa ta ga wani da na tarar a teburin farko, ya ce zai kai, na yi godiya na tafi ba tare da wata shaida a hannuna ba. Bayan mako uku na koma aka duba babban littafin rajista shafi bayan shafi a gabana, babu sunana a ciki. Da na sake kawowa aka karɓa, amsar da ta zo layi huɗu ce, tana tabbatar mini cewa ma'aikatar tana iya bakin ƙoƙarinta. Ba zan ce an zalunce ni a wannan amsa ba, domin abin da na tambaya ke nan aka ba ni.

Darasin shi ne doka ta ba ka haƙƙi a kan takardar da take ajiye, saboda haka takarda za ka nema, da sunanta. Idan ka tambayi hukuma ko tukunyar Zariya tana da lafiya, za a ce maka tana da lafiya, magana ta ƙare. Idan kuwa ka nemi kwafin rahoton duban da sufetoci suka yi mata a shekara kaza, to dole a yi ɗaya daga cikin uku: a ba ka, ko a hana ka a rubuce tare da dalili, ko a ce babu irin wannan rahoto, wanda shi ma babban bayani ne. Ka taƙaita buƙatarka ga takardu uku ko huɗu, ka sa wa kowace iyakar lokaci, domin wasiƙar da ta nemi duk abin da ya shafi nukiliya tun kafuwar hukuma ta bai wa ofis hujjar cewa aikin ya yi yawa.

Ka fara rubuta ta da Hausa domin tunaninka ya fito sarai, sannan ka sami wanda zai juya maka ita zuwa Turanci, tunda shi ne harshen aikin ofisoshin tarayya, ka kai shagon buga takardu a buga maka kwafi uku. Ka aika ta ga shugaban hukumar, ta hannun jami'in da ke kula da buƙatun wannan doka. Gangar jikinta za ta iya zama kamar haka:

“Bisa sashe na 1 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ina neman a ba ni kwafin waɗannan takardu. Na ɗaya, lasisin da tukunyar bincike ta Zariya take aiki da shi a yanzu, tare da sharuɗɗan da aka gindaya a cikinsa. Na biyu, rahotannin duban da sufetocin hukumar suka yi wa wurin daga Janairun 2022 zuwa Disambar 2024, da amsoshin da masu wurin suka bayar. Na uku, sakamakon awon iska da ruwa da ƙasa da aka yi a kewayen wurin a wannan tsakani, tare da bayanin hanyar da aka bi wajen awon. Idan akwai ɓangaren da doka ta keɓe, ina roƙon a cire shi a ba ni sauran kamar yadda sashe na 18 ya tanada, a kuma ambata mini sashen da aka dogara da shi. A shirye nake in biya kuɗin kwafi, kuma zan karɓa ta imel idan ya fi sauƙi.”

Buƙata ta uku ita ce mafi ƙarfi a cikin wasiƙar, domin sashe na 15, wanda ya ba hukuma damar ɓoye sirrin kasuwancin kamfanoni, shi da kansa ya ce ba za a hana sakamakon gwajin muhallin da hukuma ta yi ko aka yi a madadinta ba, kuma dole a haɗa da bayanin yadda aka yi gwajin. Wanda yake so ya fara da abu mafi kusa da gida zai iya canza batun, ya nemi jerin wuraren da ke da lasisin amfani da na'urorin hoton ƙashi a Jihar Katsina, da ranar da aka yi wa kowanne duba na ƙarshe.

Miƙawa da ƙirga kwanaki

Idan za ka kai da kanka Abuja, ko wani ɗan'uwa zai kai maka, a tafi ofishin rajista, a miƙa ainihin wasiƙar, a sa akawu ya buga hatimin karɓa a kan kwafinka, da kwanan wata da sa hannu. Ka duba hatimin kafin ka bar teburin, domin sau da yawa tawadar ta bushe har kwanan watan ba ya karantuwa, kuma wannan kwanan wata shi ne hujjarka duka. Ka ɗauki hotonsa da waya nan take. Idan daga Katsina za ka aika, ka yi amfani da gidan waya ta hanyar rajista ko kamfanin kai saƙo, ka ajiye rasit da shaidar isarwa, ka kuma tura kwafi ta imel a ranar.

Daga ranar da aka karɓa, hukumar tana da kwana 7 ta ba ka bayanin ko ta sanar da kai a rubuce cewa ta hana, tare da dalili. Idan ta ga wata hukuma ce ta fi cancanta da batun, sashe na 5 ya ce ta miƙa mata wasiƙar cikin kwana 3, kada ya wuce 7, ta kuma sanar da kai. Tana iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun suna da yawa ko akwai buƙatar tuntuɓa, amma sai ta rubuto maka. Shiru bayan cikar wa'adi, a idon doka, hanawa ne. Kuɗin da za a caje ka kuwa bai wuce na yin kwafi ba, don haka ka nemi rasit, kuma kada ka ba da na goro, domin yin hakan yana mayar da haƙƙinka alfarma. A aikace amsa takan wuce wa'adi, kuma wasiƙar tuni mai ladabi a rana ta takwas, wadda ta ambaci lambar rajista da kwanan hatimi, takan motsa fayil fiye da kiran waya goma.

Idan aka ce maka maganar tsaro ce

Wannan ita ce amsar da ya kamata ka shirya wa tun daga gida, kuma harshenmu yana da hannu a rikicin, domin kalmar tsaro a bakinmu takan ɗauki abubuwa biyu da masana wannan fanni suka raba. Akwai tsare kayan nukiliya daga mugun mutum, wato yawan masu gadi, da inda kyamarori suke, da ranar da za a yi jigilar kaya da hanyar da za a bi. Wannan sirri ne na gaskiya, kuma mu da muka san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalilin ɓoye shi. Kada ka nema, kuma ka faɗa a wasiƙarka cewa ba shi kake nema ba. Akwai kuma kare mutane daga haɗarin kayan, wato ko famfon sanyaya tukunya yana aiki, ko an gyara laifin da sufeto ya gani bara, ko awon ruwa ya wuce ƙa'ida, ko an taɓa gwada shirin kwashe jama'a. Wannan na biyun na jama'a ne, domin su ne haɗarin zai faɗa wa.

Dokar ta ba hukuma damar hana abin da zai cutar da tsaron ƙasa da hulɗarta da ƙasashen waje a sashe na 11, da abin da zai taimaka wajen aikata laifi a sashe na 12, da bayanan sirrin mutum a sashe na 14. Sai dai waɗannan sassa sun zo da togaciya cewa ba za a hana ba idan amfanin da jama'a za su samu ya rinjayi cutarwar da ake tsoro. Sashe na 28 ya ƙara da cewa buga wa takarda hatimin sirri bai isa dalilin hanawa ba, sai an nuna cewa ta faɗa cikin abin da wannan doka ta keɓe. Don haka idan amsa ta zo da kalmar tsaro ita kaɗai, ka mayar da wasiƙa ta biyu ka tambayi sashen da aka dogara da shi, ka nemi a shafe layukan da suka shafi gadi a ba ka sauran. Rahoto mai shafi 40 da aka shafe shafi 3 a cikinsa ya ishe ka aiki.

Tarihin wannan fanni ya nuna illar cakuɗa abubuwan biyu. Tukunyar tashar Carnobil da ke Yukren, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ta fashe ranar 26 ga Afrilu, 1986, ba a kwashe mutanen garin Pripyat da ke kusa da ita ba sai washegari da rana, kuma Tarayyar Sobiyet ba ta faɗa wa duniya ba sai ranar 28, bayan na'urorin wata tasha a Suwidin sun gano tururin. A Japan, a 2002, shekara tara kafin haɗarin Fukushima, an gano cewa kamfanin da ke da tashar ya daɗe yana murɗe rahotannin duba, har aka dakatar da tukwanensa 17 domin a sake bincike. Dokarmu ta hango irin wannan, shi ya sa sashe na 10 ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara guda ga jami'in da ya lalata ko ya sauya takarda da gangan kafin ya miƙa ta.

Idan hanawar ta tabbata, kana da kwana 30 ka kai ƙara, kuma akwai Babbar Kotun Tarayya a nan Katsina, lauyanka zai gaya maka ko a nan ya dace a shigar ko a Abuja. Nauyin kawo hujja yana kan hukumar, kuma idan aka tabbatar an hana ka ba bisa ƙa'ida ba akwai tarar naira dubu 500. Kada ka bari kwana 30 su wuce kana jiran alkawarin baki. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, don haka ya fi sauƙi ƙungiya ta shigar, ko a nemi taimakon ƙungiyoyin da ke bin irin waɗannan ƙararraki, sannan a aika kwafin ƙorafi ga ofishin Antoni Janar na Tarayya, wanda doka ta ɗora wa sa ido a kan yadda hukumomi ke bin ta.

Koyon karatun takardun a wurin waɗanda suka riga mu

Tunda ba mu da babbar tasha, wurin da za ka saba da kamannin waɗannan takardu shi ne rumbunan wasu ƙasashe, kuma data kawai za ta ci maka. Hukumar sa ido ta Amurka, NRC, wadda ta fara aiki a 1975, tana da rumbun takardu a intanet mai suna ADAMS da kowa zai iya shiga kyauta, tana kuma wallafa rahoton abubuwan da suka faru a tashoshi kusan kowace ranar aiki. Dokar samun bayanai ta Amurka ta 1966 ba ta taƙaita ga 'yan ƙasa ba, mutumin Daura zai iya nema, wa'adin amsa kuma kwana 20 ne na aiki. Wanda ya iya Faransanci, ko yake da ɗan'uwa a Maradi da zai karanta masa, zai ga cewa Faransa tana wallafa wasiƙar da sufetoci kan aika wa tasha bayan duba, kuma dokarta ta 2006 ta ƙarfafa kwamitocin mazauna yankin kowace tasha da ke da ikon yin tambaya.

Idan za ka karanta fayil guda kawai, ka nemi na tashar Davis-Besse da ke Jihar Ohayo. A watan Maris na 2002 ma'aikata suka gano cewa wani sinadari da ke ɗiga ya cinye murfin tukunyar, ƙarfe mai kaurin inci 6, har saura wani siririn rufi da bai kai santimita ɗaya ba yake riƙe da matsin ruwan. Da aka koma kan takardu sai aka ga alamun suna nan tun shekarun baya, har da hoton tsatsa tana gangarowa daga murfin, aka kuma ga cewa hukumar sa ido ta yarda an ɗage duban da ya kamata a yi kafin ƙarshen 2001. Tashar ta yi shekara biyu a rufe. Duk wanda ya bi wannan fayil daga farko zai koyi cewa laifi yakan bayyana a rubuce tun kafin ya zama haɗari.

Idan naka takardun sun iso, ka fara da ranaku, ka jera su, ka ga ko akwai shekarar da ba a yi duba ba. Daga nan ka je wurin da sufeto ya lissafa laifuffukan da ya gani, ka duba gyaran da aka umarta, da wa'adin da aka bayar, da ko rahoton da ya biyo baya ya ce an yi. Laifin da ya maimaitu a rahoto biyu ko uku a jere ya fi sabon laifi nauyi, ko da ƙarami ne. A ɓangaren lambobi, ana auna abin da jikin mutum ya sha na tururi da milisibat. Ƙa'idar duniya ga sauran jama'a milisibat 1 ce a shekara daga ayyukan ɗan'adam, ban da na jinya, ga ma'aikaci kuwa matsakaicin 20 a shekara, alhali abin da kowa ke sha daga ƙasa da iska da sararin sama, ba tare da wata tasha ba, ya kai kimanin 2.4 a matsakaicin duniya. Haɗurra kuma akan jera su a ma'auni daga 1 zuwa 7, inda Carnobil da Fukushima suke a mataki na 7.

Kada ka yi gaggawar watsa lamba guda a WhatsApp kafin ka fahimce ta, domin tsoron da ba shi da tushe yana iya hana mai ciwon daji zuwa asibiti, kuma yana bai wa ofis hujjar rufe ƙofa ga mai nema na gaba. Ka kai takardun sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko wurin ma'aikacin ɗakin hoto irin dattijon da na ambata, wanda ya san ma'anar ɗan bajon awo da ake maƙala musu a ƙirji, ku karanta tare. Bayan haka ka raba takardar cikakkiya, da bayaninta cikin Hausa, ga ƙungiyar da abin ya shafa da gidan rediyo. Ka rubuta a littafinka kowane gyara da rahoton ya ce ba a kammala ba, da wa'adinsa, kuma idan wa'adin ya cika ka aika sabuwar wasiƙa mai layi uku, ka ambaci lambar rahoton da shafin, ka nemi kwafin takardar da ta tabbatar an yi gyaran.